Ƙafar yaro ta shanye kwatsam: wa ake sanarwa?

Maman Yara: Salamu alaikum. Idan aka kawo yaro ƙaramin asibitin unguwa, kamar a Kumbotso, ƙafarsa ta saki kwatsam, me ma'aikacin lafiya zai yi?

Malamin Asibiti: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Muddin bai kai shekara 15 ba, a ɗauka zargin shan inna ne. A kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wato DSNO, a ranar. Kada a jira rahoton wata. Za a ɗebi bayan gida sau 2, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara shanyewar.

Ɗan Gwaji: Wajen ajiya ne aikin ke lalacewa. Kowane samfuri ya kai girman babban yatsa, wajen giram 8, a rufe gam, a sa cikin akwatin sanyi da ƙanƙara. Ya isa ɗakin gwaji, Ibadan ko Maiduguri, cikin awa 72. In ƙanƙarar ta narke a hanya, zafi na kashe ƙwayar cutar, sai sakamako ya fito babu alhali akwai.

Malamin Asibiti: Haka ne. Kuma a rubuta unguwa da kwatancen gida sosai, don akan koma duba yaron bayan kwana 60.