Neman kalmar Hausa: me za mu kira windmill na tsibirin Bornholm?

Malamai da 'yan'uwa masu harkar fassara, ina neman mu tsayar da suna guda ga ginin da Turanci ke kira windmill, mutanen Denmak kuma vindmølle, domin mai bayani a kan Bornholm, tsibirinsu da ke Tekun Baltik kudu da Suwidin, ba shi da makawa sai ya ambace shi. Tsofaffin coci-coci huɗu masu siffar da'ira na tsibirin, wato Østerlars, Olsker, Nylars da Nyker, ba su da wuyar suna, tunda kewayayyen coci ya wadatar.

Abin da ake nufi gini ne mai manyan fukafukai waɗanda iska ke juyawa, su kuma su juya dutsen niƙa da ke ciki, hatsi ya fito gari. A Svaneke, garin masunta da ke gabar gabas, akwai Bechs Mølle na 1629, wanda aka ɗora kacokan a kan ƙaton gungumen itace, ta yadda mai niƙa zai tura ginin gaba ɗaya ya fuskanci inda iska ke kaɗowa. Na garin Gudhjem kuwa, na 1893, ƙirar Holan ne: jikinsa a kafe yake, kansa kaɗai ke juyawa.

Wasu sun kawo injin iska, amma ban gamsu ba, saboda mai karatu zai tuna dogayen turakun samar da lantarki irin na Lambar Rimi a Katsina, alhali waɗannan ba su niƙa komai. Injin niƙa mai aiki da iska bayani ne mai kyau, sai dai ya yi tsawo, kuma inji a kunnen Bahaushe abu ne mai shan mai da ƙara.

Shawarata ita ce maniƙar iska, jam'i maniƙun iska, bisa tsarin da ya ba mu maƙera da majema da marina, wato wurin da ake yin aikin, wanda ya dace ƙwarai da ginin da mutum ke shiga da buhunsa. Idan aka ce za a ɗauka iskar ake niƙawa, to ai murhun gawayi da fitilar kananzir da abin da ke ba su ƙarfi aka kira su, ba a kuwa ruɗe ba.

Irin na Svaneke sai mu ce maniƙar iska mai turke, na Gudhjem kuma maniƙar iska mai hula. Idan a yankinku maniƙa tana da wata ma'ana da za ta kawo cikas, don Allah a sanar da mu.