Kafin a karɓi makullin sabon gida

A zaman da muka yi a Agege kan waɗanda aikin hanya ko layin dogo ya tasa, maganar nisan gidajen da za a mayar da su ce ta fi cin lokaci. Dattawa suka ce a fara lissafa kuɗin mota zuwa kasuwa, don ɗaki mai fenti ba ya ciyar da mai sayar da tumatir a Mile 12.

Aka tuno Maroko, wata unguwa a Legas da aka rushe a 1990, aka kai wasu mazaunanta zuwa gidajen da ba a gama ginawa ba a Ilasan da Ikota. Shi ya sa aka ce a je a duba gidan da damina, a ga inda ruwa ke kwanciya. Takardar mallaka kuma a riƙe ta a hannu. Ni 'yan haya ne ke damuna: ku tabbata sunanku ya shiga rajista tun ranar ƙirga gidaje.