Kyamarar daji don farautar barewa: mai turo hoto ko mai kati?

Baƙon Ohio: Assalamu alaikum. Wani manomi ya ba ni izinin farauta a gonarsa, har ya sa hannu a takarda kamar yadda dokar jihar Ohio ta Amurka ta ce. Gonar masara ce, bayanta kurmi da ɗan rafi, tafiyar awa guda daga Columbus. Dala 150 gare ni. In sayi kyamara ɗaya mai turo hoto a waya, ko biyu masu katin memori? Sabis a wurin sanda ɗaya ne, shi ma sai an hau tudu. Ina so in ɗaura kafin a buɗe lokacin bindiga, Litinin ɗin bayan Thanksgiving, bikin godiya na Amurka a ƙarshen Nuwamba.

Ɗan Agadas: Wa alaikumus salam. Mai turo hoto, ba shawara. Kana kwance hoto zai same ka. Kamfanin kyamara na Spypoint ma hoto 100 suke bayarwa kyauta a wata.

Baƙon Ohio: Yaya, ai na ce sabis ɗin ba ƙarfi.

Mai Baka: Matsalar mai kati ita ce yawan zuwa duba ta. Duk zuwa sai ka bar warin jikinka, manyan mazan barewa kuwa da sun shinshina sai su koma yawon dare. Ka fuskantar da ita arewa don rana kada ta riƙa tayar da ita, ka share ciyawar gabanta, ka sa batirin lithium. Na gama-gari sanyin Disamba yana kashe shi.

Malam na Pennsylvania: Ni dai ku tambaye ni. A dajin gwamnati na ɗaura tawa. Tun watan Agusta nake bin wani namijin barewa, ko gashin da ke lulluɓe da ƙahonsa bai gama zuba ba, kunnensa na hagu a tsage. Na san inda yake sha, na san sa'ar da yake fitowa. Da Nuwamba ta kama, lokacin da maza ke bin mata, sai ga hoto na ƙarshe ya shigo wayata: safar hannu ta rufe gilashi. Na je na tarar an datse igiyar ƙarfen, an bar min kwaɗon a ƙasa. Ranar buɗe farauta na ga barewar nan kwance a bayan motar wani, da kunnen nan nata. Ban ce mai motar ne ya sace kyamarar ba, amma har yau zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗan Agadas: Allah ya mayar da alheri. Shi ya sa nake sayen ta dala 40.

Mai Baka: Mai turo hoto a dala 40? Duk wadda ba ta kai 100 ba, sai wutsiya za ta ɗauko maka. Ga kuɗin wata, ni 13 nake biya.

Ɗan Agadas: Ni 5.

Malam na Pennsylvania: Ku biya ko nawa ne, ɓarawo ba ya duba farashi.

Baba Maharbi: Yara, maharbi da sawu yake aiki. Ka duba kashinta, ka duba inda namiji ya goge ɓawon itace da ƙaho, ka san inda iska ke kaɗawa.

Ɗan Agadas: Baba, da girmamawa, farautar gida daban ce. Ka taɓa yankar lasisi a nan?

Mai Baka: Kada ka raina maganar Baba. Jihar Arizona ta hana farauta da waɗannan kyamarori tun 2022, Kansas ta hana su a filayen gwamnati a 2023.

Na Bronx: Tawa wata guda kurege kawai ta ɗauka. Yanzu mun saba, har gaisawa muke yi 😂

Hajiya Umma: Ku kuna ta kyamara. In an harbo, wa zai gyara? Maigidana ya yi bismilla ya harba, ya kai wa masu gyaran nama. Da muka karɓo niƙaƙƙen, ashe sun haɗa da kitsen alade, wai naman barewa ba shi da maiƙo. Firiza guda muka fitar.

Mai Baka: Subhanallahi. Sai ka faɗa musu tun farko, kitsen sa ko babu komai. Injin ma ɗaya ne da na alade.

Malam na Pennsylvania: Kuma wa ya tabbatar maka naman barewarka ne aka dawo maka da shi?

Baƙon Ohio: Na gode. To, ɗaya ko biyu?

Hajiya Umma: Ɗana, fara neman mahaucin da zai karɓi barewa. Akwai wanda ya san Musulmi mai yi a wajen Columbus?