Sojan da Tramol Ya Kama: A Kore Shi ko a Yi Masa Magani?

Alhajin Wunti: Jama'a, ni maganata ɗaya ce. Duk sojan da gwajin fitsari ya nuna yana shan tramol, a tuɓe masa kaki ya kama gabansa. Mai riƙe da bindiga a shingen hanya ba a yi masa uzuri.

Tsohon Saje: Alhaji, ka yi haƙuri, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai yaron da harsashi ya fasa wa cinya a Borno. A gadon asibiti aka fara ba shi, da hannun likita. Aka sallame shi ciwo bai sake shi ba, sai ya koma kemis. Na je gaishe shi a Yelwa cikin zafin Afrilu, na tarar da shi a dunƙule cikin bargo, gumi sharkaf, hanci na yoyo, don kwana biyu bai samu ba. Wannan za ka kora?

Malamar Jinya: Baba Saje, abin da ka gani shi ne jiki ya saba. Makonni kaɗan sun isa. Ba a yanke shi farat ɗaya, likita ne ke ragewa sannu a hankali. Kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tramol mai miligiram 50 da 100 ta yarda da shi. Mai 225 da ake sayarwa a ɓoye haramtacce ne, yana sa jijjiga kamar farfaɗiya, yana danne numfashi. Da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, ai ba a rufe ƙofar tramol ba.

Alhajin Wunti: To Anti, wanda bai ji rauni ba fa? Mai haɗiya don ya kori barci da tsoro? Ɗana direba ne, kullum yana kan hanyar Darazo. Ransa nake ji.

Malamar Jinya: Wallahi tsoronka na kan hanya, Alhaji. A karɓe bindigar nan take, ban musa ba. Amma in kora ce hukuncin kowa, wa zai je ya ce wa likitan bariki "na kamu"? Ɓoyewa za su yi. Sojin Amurka sun saka irin waɗannan magungunan ciwo cikin gwajin bazata tun 2012. Mu ma a riƙa gwaji, a rubuta ƙwaya ta 'yan kwanaki kawai, a bibiyi duk mai rauni bayan sallama.

Tsohon Saje: Kuma wanda aka kora ina zai je? Unguwarku zai dawo, Alhaji, da ƙwayar a jikinsa, ba albashi, ga horon soja.

Alhajin Wunti: Na ji na mai rauni. Mai sayar wa 'yan'uwansa a bariki kuwa, a miƙa shi ga NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Tsohon Saje: Wannan ni zan fara kama shi. Malama, yaron nan na Yelwa har yau yana ɗingishi, uwarsa ta rasa inda za ta sa kanta. In na kawo shi ranar Litinin za ki haɗa mu da likita?

Malamar Jinya: Ku zo da sassafe, Baba. Ya taho da sauran ƙwayoyin da ke hannunsa, likita zai so ya gani.