Likitan gida ya ce a ci gaba, likitan ƙoda ya ce a daina: maganar wa za mu bi?

Autar Baba: Salamu alaikum 'yan'uwa. Babanmu shekara 11 yana da ciwon suga da hawan jini, likita ɗaya ke duba shi tun farko. Shi ya tura mu wajen likitan ƙoda. Can aka ga eGFR ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin aikin ƙoda, 28 ne, aka ce a daina maganin sugansa, metformin, nan take. Muka koma wajen likitanmu, ya ce babu takardar da ta iso masa, ba zai canza magani da maganar baki ba. Ganin ƙwararren kuma sai bayan wata biyu. Yau da dare in ba shi ko in bari?

Abu Safwan: Allah Ya ba shi lafiya. Ku rage masa gishiri, ya riƙa ɗan tattaki.

Autar Baba: Amin. Malam, maganin nake tambaya.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanwata, wannan rashin takardar shi ya kai mahaifiyata wankin ƙoda. An kwantar da ita kwana tara, aka sallame mu da leda cike da magani, ko layi ɗaya ba a rubuta wa likitan da ya turo ta ba. Shi kuma bawan Allah ya ci gaba da ba ta diclofenac saboda ciwon gwiwa, bai san ƙodar ta taɓu ba. Wata huɗu tana sha! Ranar da ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, muka koma, ƙwararren ya ɗaga kwalin yana tambayata wa ya ba ta wannan. Na ce abokin aikinka. Ya ce ai ya kamata mu faɗa masa. Mu? Ni da ban san bambancin wannan ƙwaya da waccan ba sai ta launi? Kowa ya wanke hannunsa, mu aka bari da zirga-zirga sau biyu a mako.

Nas Mai Dare: Innalillahi. Autar Baba, a nan dai ƙwararren ne da gaskiya. Ƙoda ce ke fitar da metformin, idan eGFR ya sauka ƙasa da 30 ana dakatar da shi don kada ya taru a jini. Amma dainawa kawai ba ta isa ba, sugan zai hau, dole a sa wani a madadinsa. Gobe da sassafe ki ɗauki takardar sakamakon gwajin kanta ki kai wa likitanku. Idan ya ga 28 da idonsa ba zai yi gardama ba.

Ɗalibin Likita: Da sharaɗi. Gwaji ɗaya ba ya tabbatar da ciwon ƙoda mai daɗewa, sai an ga haka tsawon wata uku. Wataƙila rashin ruwa ne a jiki ranar.

Nas Mai Dare: Ƙanena, aji nawa kake? Ana maganar ƙwayar daren yau, kana karanto mana littafi.

Ɗalibin Likita: Anti, ba raini, amma nas ba ta rubuta magani.

Abu Safwan: Kai ma ai ba ka fara ba tukuna.

Kawu Mai Raha: Ni ina ganin takardar ta iso, karanta ta ne ya gagara. Likita ma ba ya gane rubutun likita, sai mai kemis.

Maman 'Yan Biyu: Kawu, wallahi ba abin dariya ba ne.

Abu Safwan: A sake gwajin mana, kowa ya huta. Kuɗinsa bai kai na katin ganin ƙwararre ba.

Uwar Gida: A ina? Ni abin da na biya ya ninka kuɗin katin. Kuma wannan ne ke ƙona min rai: ka yi gwaji nan, ka je can su ce ba su yarda da shi ba, sai na ɗakin gwajinsu. Jini ɗaya, mako ɗaya, an huda maigidana sau uku.

Nas Mai Dare: Wani lokacin da dalili, kiriyatinin, sinadarin da ake aunawa a jini don duba aikin ƙoda, yana canzawa cikin kwanaki. Amma HbA1c da ke nuna sugan kusan wata uku, maimaita shi bayan mako ɓarnar kuɗi ce.

Uwar Gida: To shi suka maimaita! Ga fayil ɗinsa da ya ɓata sau biyu, duk zuwa sai mu faro tarihi daga farko kamar yau aka haife shi. Yanzu komai hoto nake ɗauka a waya.

Kawu Mai Raha: Wayarki ta fi ɗakin ajiyar fayil ɗinsu aiki.

Autar Baba: Na kira asibitin, an ce likitan ƙodar yana ɗakin wankin ƙoda, in sake kira gobe. Na daren nan dai ban ba shi ba. Uwar Gida, da fayil ɗin ya ɓata, sabon kati suka sa kuka yanka?