Neman kalmar Hausa: labulen da ke saukowa a gidan wasa in gobara ta tashi

Assalamu alaikum malamai da masu fassara. Ga wata kalma da nake so mu tsayar mata da suna: abin da Turawan Ingila ke kira safety curtain, a Amurka kuma fire curtain. Duk mai fassara dokokin gini ko labarin gobarar gidan wasan kwaikwayo sai ya ci karo da ita. Shawarata dai ita ce labulen tare gobara. Ga dalilaina, in da gyara a gyara.

Mu fara sanin abin kansa. A babban gidan wasa, bango mai kauri ne ya raba dandamali da wurin 'yan kallo, sai wawakeken baki guda da ake kallo ta cikinsa. Bayan bakin nan kuwa duk makamashi ne: yadudduka masu fenti rataye a sama, igiyoyi, katako, ga fitilu masu zafi dab da su. Labulen da muke magana a kai yana ɓoye a saman bakin, daban yake da labulen ado da ake ja a farkon wasa. Aikinsa ɗaya ne: ya sauko ya rufe bakin ruf, wuta da hayaƙi su tsaya can baya, jama'a su samu 'yan mintunan fita.

Labulen wuta shi ya fi saurin zuwa baki, amma ban yarda da shi ba. Wuta a bakinmu ta haɗa har da lantarki. Mai karatu zai ɗauka labule ne da ke aiki da wutar lantarki, alhali babban sharaɗinsa shi ne ya sauko ko an ɗauke wuta. Nauyinsa ne ke sauko da shi. Igiya ce ke riƙe da shi, a jikinta akwai 'yan mahaɗai na ƙarfe masu narkewa in zafi ya kai wajen digiri 74 a ma'aunin Salshiyos. Da mahaɗi ɗaya ya narke, ko wani ya ja sandar gaggawa da ke gefen dandamali, sai igiyar ta saki. Kuma ba faɗowa yake yi tim ba, akwai abin da ke rage masa gudu a ƙafa 8 na ƙarshe don kada ya danne wanda ke ƙarƙashinsa. Saboda haka gobara ce kalmarmu, ba wuta ba.

Labulen kashe gobara kuwa ya fi haɗari, don ya yi alkawarin abin da labulen ba ya yi. Kashewa aikin 'yan kwana-kwana ne da bututan feshi. Dandamali yana iya ƙonewa ƙurmus a bayan labulen, in dai mutane sun fita lafiya, labule ya yi aikinsa.

Inda na fi jinkiri shi ne labulen ƙarfe, don yana da asali mai ƙarfi. Haka Jamusawa da Faransawa ke kiransa, ma'aikatan gidajen wasa a Ingila ma "ƙarfen" kawai suke cewa. Gidan wasa na Drury Lane a Landan ya sa na ƙarfe tun 1794, duk da haka gidan ya ƙone a 1809. Amma matsala biyu ce. Da yawansu yanzu ba ƙarfe ba ne, yadi ne na zaren gilashi, wanda ya maye gurbin asbestos, wani ma'adini mai zare da ba ya cin wuta, bayan an gano illarsa ga huhu. Sannan siyasa ta riga ta ƙwace sunan tun jawabin Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, na 1946, inda ya kira rabuwar Turai gabas da yamma da wannan suna. Ka rubuta labulen ƙarfe, tunanin mai karatu ya tafi yaƙin cacar baka.

Labulen tsaro da labulen kariya ba su faɗi daga me ake karewa ba, kuma tsaro a kunnenmu yau sai ya kawo sojoji da 'yan bindiga. Wata 'yar'uwa ta kawo asabarin gobara, kuma hoton ya yi kyau ƙwarai, don asabari daga sama yake saukowa ya rufe ƙofa. Sai dai duk wanda ya san asabari ya san ba abin da wuta ke so kamarsa.

Dalilin da ya sa na nace a kan "tare" yana cikin tarihin dokar. A Biyana, babban birnin Ostiriya, ranar 8 ga Disamba 1881, fitilun gas suka tayar da gobara a gidan wasa na Ringtheater. Labulen yana nan, ba wanda ya sauke shi, aƙalla mutum 384 suka rasu. A Exeter ta Ingila, 1887, mutum 186 suka rasu a gobarar gidan wasa, daga nan ne aka matsa wa gidajen wasan ƙasar su sa labulen. Mafi ciwo shi ne na gidan wasan Iroquois a Shikago, 30 ga Disamba 1903, wasan rana cike da mata da yara. Fitila ta kama yadi, aka saki labulen, sai ya maƙale a jikin wani abin fitila bai kai ƙasa ba. 'Yan wasa suka buɗe babbar ƙofar baya don su tsira, iska ta shigo ta turo harshen wuta ta ƙarƙashin labulen har kan mutanen bene. Kafofin fitar hayaƙi na saman dandamali kuma a rufe suke. Sama da mutum 600 suka tafi. Ko a Biyana ko a Shikago ba rashin labule ba ne, bai tare ba ne. Mu ma gobarar sinimar El Duniya a Kano a 1951 ta nuna mana abin da wuta ke yi a zauren da ya cika maƙil.

Shi ya sa dokokin yau suke bin diddigin saukarsa. A Ingila ana so ya rufe cikin daƙiƙa 30, kuma akan sauke shi a gaban 'yan kallo lokacin hutun tsakiyar wasa, kowa ya shaida yana aiki. A kundin dokokin gini na IBC da yawancin jihohin Amurka ke bi, sashe na 410 ya ce in tsayin dandamali ya wuce ƙafa 50, wato kusan mita 15, bangon da ya raba dandamali da 'yan kallo ya zama mai jure wuta awa 2, bakin kuma a kare shi da wannan labule bisa ƙa'ida mai lamba 80 ta NFPA, ƙungiyar kare gobara ta Amurka, ko da feshin ruwa mai sauka kamar labule. Wannan na biyun ba wahala: labulen ruwa.

Mu gwada sunan cikin jimla mu ji. "Kada a ajiye kaya a ƙarƙashin labulen tare gobara." "An gwada labulayen tare gobara na duka zaurukan." Ni dai sun zauna mini. In an ambace shi sau ɗaya a cike, ana iya taƙaitawa a ce labulen gobara.

Saura bangon da labulen ke rufe bakinsa, wanda suke kira proscenium. Na yi amfani da bakin dandamali a nan. Malaman wasan kwaikwayo, me kuke ce masa a aji?