Abin da masu gyara a Maradi suka ce kan farantin Peltier

Hirar masu gyaran lantarki ta tsaya kan ɗan farantin nan da ke sanyaya ruwa ba injin kwamfuresa ba gas irin na firigo. Idan wutar batir ta ratsa shi, fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta ɗauki zafi. Bafaranshe Jean Peltier ya gano haka a 1834.

Gargaɗin da aka fi nanatawa: kada a kunna shi ba ƙarfen zuƙe zafi da fanka a bayansa, ƙonewa zai yi. Samfurin farantin da ake kira TEC1-12706 na aiki da bolt 12, yana iya jan amfiya 6, don haka ƙaramin batirin sola ba ya jimawa. A zafin Afrilu kuwa, ruwan sha zai sanyaya, amma ba zai yi ƙanƙara ba. Ajiyar allurar rigakafi dai, firigo na gaske take bukata, ba wannan farantin ba.